Waiwaye: Da Wane Mudu Ake Auna Ɗan Baya?

A kowace majalisar 'yan bal ta garin Daura, daga unguwar Mazoji zuwa ta Sarkin Yara, ka ambaci sunan Sani Kaita ka ji. Kafin ka rufe baki wani ya ce "jan kati". Har yaran da ba su yi wayo ba a 2010 sun haddace wannan amsa. Ba mai cewa Bejin, ba mai cewa Holan. Mutum ya kwashe shekaru yana tare ƙwallo a tsakiyar fili, daga Kano har Turai, amma an naɗe tarihinsa kaf an cusa cikin daƙiƙa biyu.

Ranar Alhamis ce, 17 ga Yuni 2010, ƙarfe 3 na rana agogon Najeriya. Super Eagles na karawa da Girka a Bulumfonten ta Afirka ta Kudu, wasa na biyu a gasar cin kofin duniya, bayan Ajantina ta doke mu 1-0 a wasan farko. Minti 16 da take wasa, Kalu Uche ya buga bugun tazara, ƙwallo ta ratsa kowa ta faɗa raga. Girka kuwa ba ta taɓa cin ko ƙwallo ɗaya a tarihin wannan gasa ba, ga ta kuma ta rikice. Sai a minti na 33, ƙwallo ta fita waje, aka ɗan yi tureriya a bakin layi, Kaita ya ɗaga ƙafa ya kai wa Vasilis Torosidis shuri. Alƙalin wasa, Oscar Ruiz na Kolambiya, bai yi wata-wata ba ya zaro ja. Kaita ya fita ya lulluɓe kansa da riga. Kocin Girka, Otto Rehhagel, ya ga dama ta samu, ya cire ɗan baya ya sako ɗan gaba. Dab da hutun rabin lokaci Salpingidis ya rama, a minti na 71 Torosidis ɗin nan dai ya ƙara ta biyu.

Laifi ne, kuma babba. Ba zamewa ya yi ba, ba ƙwallo ce ta kufce masa ba. Zuciya ce ta ɗebe shi, ya bar 'yan uwansa su goma suna haki kusan awa guda. Wanda duk ya ce ba haka ba son kai yake yi. To amma mu tuna sauran abin da ya faru. Bayan an dawo daga hutu, ana 1-1, Chinedu Obasi ya samu raga a buɗe ya ɓarar. Ƙwallon Girka ta biyu daga hannun Vincent Enyeama ta fito, ya kasa riƙe wadda Tziolis ya ɗirko masa daga nesa, shi da ya yi ta ceton mu tun ranar Ajantina. Bayan kwana biyar a Daban, Yakubu Aiyegbeni ya tsaya gaban raga babu gola ya buga waje, aka tashi 2-2 da Koriya ta Kudu, alhali cin wannan wasa kaɗai ya isa ya kai mu zagaye na biyu. Duk da haka Kaita ne aka yi ta aika wa saƙonnin barazanar kisa, har jami'an tawagar suka nemi hukuma ta ba shi kariya.

Abin da ya dame ni a nan ba rashin tausayi ba ne kawai. Rashin ma'auni ne. Kafin wannan rana, wane ne Sani Kaita? Yaron Kano Pillars ne da Samson Siasia ya ɗauka zuwa gasar 'yan ƙasa da shekara 20 a Holan a 2005, inda aka kai wasan ƙarshe, Messi ya ci mu da fenariti biyu aka tashi 2-1. A wannan gasa duniya ta san Mikel Obi, har aka ba shi kyautar ɗan wasa na biyu mafi ƙwarewa. Wa ke share masa baya yana samun sararin raba ƙwallo? Kaita. Daga nan Sparta Rotterdam ta ɗauke shi, daga baya Monaco. A 2008 kuma yana tsakiyar tawagar da ta je wasan ƙarshe na Olamfik a Bejin: canjaras da Holan, nasara kan Japan da Amurka da Kodebuwa, sannan 4-1 a kan Beljiyam. Ƙwallo 4 kacal aka zura wa Najeriya a wasa 6, kuma ta ƙarshen ita ce wadda Di Maria ya ɗaga wa gola, a ƙungiyar Ajantina da ke da Messi da Aguero da Riquelme. Azurfa biyu ke nan a wuyan mutum ɗaya kafin ya cika 23. Amma in ka ce a kawo hujjar cewa da hannunsa a ciki, me za a nuna? Ɗan gaba yana da lamba. Ahmed Musa ya ci 18 wa Pillars a kakar 2009/2010, ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Aisland biyu a 2018, ba mai musu. Lamba shida, ɗan tsakiya mai tsaro irin Kaita, ba shi da abin nunawa sai wasan da ya wuce lami lafiya. Dubi ma 'yan Najeriyar da suka zama gwarzon Afirka: Yekini, Amuneke, Kanu har sau biyu, Ikpeba, Osimhen, Lookman. Duk 'yan gaba.

Akwai mutanen da suka fi shekara 150 suna wannan musu a rubuce, wato Amurkawa da wasansu na besbol. Ba wasanmu ba ne, amma gardamar tamu ce sak. A taƙaice ga yadda yake. Mutum ɗaya yana jefo ƙaramar ƙwallo mai tauri, ɗaya na jiran ta da kulki. In ya maka ta, sai ya ruga ya bi tashoshi huɗu da aka jera a fili. In ya zagayo gida, maki ɗaya. Mutum tara na ɗaya ɓangaren suna warwatse a fili, aikinsu su cafe ƙwallon a sama, ko su tsince ta a ƙasa su wurga ta tasha kafin mai gudu ya isa. In sun yi haka sun fitar da shi. Wuri mafi wuya a cikin fili shi ne tsakanin tasha ta biyu da ta uku, don nan ƙwallon ƙasa ta fi bi, kuma nan ake ajiye wanda ya fi kowa zafin nama.

Wani ɗan jarida haifaffen Ingila, Henry Chadwick, wanda ya saba da rahoton wasan kurket, shi ya tsara jadawalin rubuta sakamakon besbol tun wajen 1859. A cikin abubuwan da aka riƙa rubuta wa mai tsaro akwai guda uku: sau nawa ya fitar da mutum da kansa, sau nawa ya wurga wa wani aka fitar, sau nawa kuma ya yi kuskure. Kuskure shi ne ƙwallon da malamin rubuta sakamako ya ga ya kamata a ce mutum ya kama amma ya saki, ko ya wurga ta ba daidai ba. Sai a haɗa na farko da na biyu, a raba da jimillar ukun, a samu kason tsafta. Wanda ya samu kashi 98 cikin 100 ya fi mai 96. Shekara kusan ɗari wannan lissafi ne sarki.

Ga inda gizo ke saƙa. Ba a rubuta maka kuskure sai ka isa wurin ƙwallon. Mai nauyin jiki da ya tsaya ƙwallo ta wuce shi da taku biyu, littafi bai san da shi ba. An rubuta wa mai kulki cewa ya yi bugu mai kyau. Mai zafin nama da ya yi tsalle ya taɓa ta da yatsa ta kufce, shi ne mai laifi. Wanda ya fi kowa yawan kuskure a tarihin babbar gasar Amurka shi ne Herman Long, da ya yi wasa daga 1889 zuwa 1904, kuskurensa ya haura 1,000. Waɗanda suka gan shi da ido kuwa sun lissafa shi cikin gwanayen zamaninsa, don yana kai wa inda wasu ba sa ko yunƙurawa, a filaye masu gargada, da safar hannu da ba ta kai rabin ta yau ba.

Wanda ya tsaya ya ce wannan mudu ha'inci ne, mai gadi ne. Bill James yana gadin dare a wata masana'antar wake na gwangwani a garin Lawrence na jihar Kansas, yana cinye daren da lissafi, har ya buga littafinsa na farko da kuɗinsa a 1977. Ban yi mamakin cewa mai gadi ne ya gano ba. Duk mai gadin shaguna a kasuwar Daura ya san daren da ba a fasa ko'ina ba, ba wanda zai zo da safe ya ce sannu da aiki. Daren da aka ɗauke buhu ɗaya, har jikokinsa sai sun ji labari. James ya ce a daina tambayar sau nawa mutum ya saki. A tambayi sau nawa ya kai ga ƙwallo ya fitar da abokin hamayya a kowane wasa.

Gwada wannan tambaya a kan mutum biyu da suka tsare wuri ɗaya, wancan mai wuya. Ozzie Smith, wanda ya fi shahara a kulob ɗin St. Louis Cardinals, ya yi wasa 2,511 a wurin, ya yi kuskure 281. Derek Jeter na New York Yankees, kyaftin, ɗan gaban goshin 'yan jarida, mai kofin zakarun Amurka 5, ya yi wasa 2,674, kuskurensa 254. A tsohon lissafi kusan tagwaye ne: Smith kashi 97.8, Jeter 97.6. Mai duba yawan kuskure kaɗai ma zai ce Jeter ya fi, tunda ya fi yawan wasa kuma ya fi ƙarancin saki. Yanzu dubi ɗaya shafin. Sau 8,375 Smith ya tsinci ƙwallo ya wurga aka fitar da mutum. Jeter sau 6,605. Bambancin 1,770 ke nan, kuma Smith ne mai ƙarancin wasa da 163. A wasa guda Smith na yin fiye da uku, Jeter bai kai biyu da rabi ba. Ina sauran ƙwallayen suka tafi? Da yawansu sun wuce ta hagun Jeter sun shige fili, 'yan kallo suka ce mai kulki ya iya bugu.

Jeter ba ragon ɗan wasa ba ne. A wajen bugu yana cikin manya, ya yi bugu mai kyau sau 3,465, kuma hannunsa ba ya saki. Yana da abubuwan da ido ba ya mantawa: a 2001 ya tsallako fili daga inda ba a zata ba ya tsinci ƙwallon da ta ɓace hanya ya cilla gida aka fitar da ɗan Oakland, a 2004 ya bi ƙwallo har ya afka cikin kujerun 'yan kallo ya fito fuska jina-jina. Irin waɗannan ake maimaitawa a talabijin. Har salonsa na yin tsalle ya juya a sama ya wurga, masu nazari sun nuna sau da yawa ƙwallon da ya sha wannan wahala a kanta, wani mai saurin ƙafa da tuni yana tsaye a gabanta ya ɗauke ta ba tare da kowa ya tafa ba. Kociyoyi suka ba shi kyautar Safar Zinare ta gwanin tsaro sau 5. Ta ƙarshe a 2010, yana da shekara 36, kuskurensa 6 kacal a kaka guda, a lokacin da ƙafarsa ta riga ta yi nauyi. Da aka fara bin bidiyo ana ƙirga kowace ƙwallo da inda ta bi, lissafin da ya soma daga 2003 ya nuna tsaronsa ya jawo wa kulob ɗinsa asarar maki fiye da 150 in aka gwada da matsakaicin mai tsaron wurin. Su dai masu zaɓen nan, a 1999 sun ba Rafael Palmeiro kyautar gwanin tasha ta ɗaya alhali wasa 28 kacal ya tsaya a wurin cikin kaka mai wasa 162. Suna suka zaɓa. Sai a 2013 aka shigo da alƙaluma cikin zaɓen, aka ba su kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Kada kuma mu ɗauki sabon mudun mu mai da shi wahayi. Masu jifan kulob ɗin Smith irin waɗanda ke sa a buga ƙwallo ƙasa ne, ga filinsu na ciyawar roba, don haka aiki ya fi zuwa masa. A zamanin Jeter masu kulki sun fi yawan dukan iska, ƙwallo ba ta shiga fili sosai. In aka cire wannan, tazarar na raguwa, ko da yake ba ta rufewa. Masu sana'ar sun kuma gano cewa alƙaluman tsaro na kaka ɗaya na yawo sama da ƙasa; sai an haɗa kamar kaka uku kafin a ce ga gaskiyar mutum. Sannan mutum ba dutse ba ne. Bayan da mahukuntan kulob suka gaya wa Jeter gaskiya, ya koma atisayen motsi gefe da gefe, a 2009 alƙalumansa suka gyaru yana da shekara 35, kafin tsufa ya karɓi abinsa. Wanda ya haɗa shekara 20 ya raba ya ba ka lamba ɗaya ya ɓoye maka wannan. Tun 2015 sun kafa kyamarori da na'urori a kowane filin babbar gasa, suna auna inda mai tsaro ya tsaya, nisan da ya gudu da daƙiƙun da yake da su. Musun bai mutu ba, amma yanzu da takarda ake yin sa.

Su ma suna da nasu Kaitan. Sunansa Bill Buckner. Ranar 25 ga Oktoba 1986, kulob ɗin Boston, da rabonsa da kofi tun 1918, saura mutum ɗaya ya fitar ya zama zakara a kan New York Mets, yana gaba da maki biyu. Masu jifa suka bari aka buge su sau uku a jere, ɗayansu ya yi jifan da ya wuce mai kamawa, aka rama. Bayan duk wannan ne wata ƙwallo mai tafiya sannu ta bi ta tsakanin ƙafafun Buckner, mutumin da idon sawunsa ya daɗe da lalacewa. Akwai sauran wasa na bakwai, Boston ta yi gaba da 3-0 ta sake zubarwa. Amma sunan Buckner ya zama zagi, har ya kwashe iyalinsa ya bar yankin. Mutumin da ya yi kaka 22, ya yi bugu mai kyau 2,715, kuma shekara guda kafin nan ya kafa tarihin yawan wurga wa abokin wasa a fitar da mutum daga tasha ta ɗaya, sau 184. Sai a 2008, bayan Boston ta ci kofi biyu zuciya ta yi sanyi, aka gayyato shi fili jama'a suka miƙe suna tafi yana hawaye. Bambancinsa da namu shi ne, duk tsawon shekarun zagin, littafin yana nan. Mai son kare shi yana da shafin da zai buɗe.

A ƙwallon ƙafa ma manya sun faɗa ramin ta kowane gefe. An sha ruwaito cewa cikin dalilan da suka sa Alex Ferguson ya sayar da Jaap Stam ga Lazio a 2001 har da ganin yawan kai hari don ƙwace ƙwallo ya ragu a alƙalumansa. Stam na da shekara 29. Ya daina zubewa ƙasa ne don ya iya tsayuwa inda ya dace. Ya ci gaba da wasa a Italiya har ya buga wasan ƙarshe na zakarun Turai da Milan a 2005, Ferguson kuma ya amsa da bakinsa cewa sayarwar kuskure ce. Wannan ramin lamba ke nan. Ramin ido kuma Real Madrid ta faɗa, da ta saki Claude Makelele a 2003 don ba ya cin ƙwallo ba ya yanka. Ba ta sake ɗaukar kofin lig ba sai 2007, Chelsea kuwa da shi a gaban 'yan baya ta ci lig na 2005, ƙwallo 15 kacal aka zura mata a wasa 38. N'Golo Kante ya fi kowa ƙwace ƙwallo da tare ta a kakar da Leicester ta ba duniya mamaki a 2016. Da ya koma Chelsea lambar ta ragu, ba don ya lalace ba, sai don sabon kulob ɗinsa ya fi riƙe ƙwallo, ba ya yini yana neman ta. Haka za a karanta alƙaluman Wilfred Ndidi da ya gaje shi. Haka kuma na gola: mai yawan cafewa sau da yawa bayansa ne a buɗe, kuma minti 1,062 da Enyeama ya yi a Lille a 2013 ba a ci shi ba, da rabon mutum huɗun da ke gabansa a ciki. Mu kanmu mun yi shekara goma muna cewa Mourinho ya kashe Mikel a Chelsea, don ya mai da shi lamba shida, ƙwallo ɗaya tak ya ci a gasar Firimiya. Kociyoyi nawa suka zo Chelsea suka tafi, kusan kowannensu ya ci gaba da saka shi, har ya buga minti 120 a daren da suka ɗauki kofin zakarun Turai a Munik a 2012. Sun ga abin da allon sakamako ba ya nunawa.

In da ni za a tambaya hukuncin Kaita, sai in ce a rubuta jan katin da manyan baƙi, a rubuta cewa ya sauya wasan, a kuma rubuta shi a layi ɗaya cikin shafin da ke da 2005 da 2008 da tagullar kofin Afirka ta Angola a farkon 2010. Ɗan tsakiya ne mai tsaro, mai huhu, wanda koci ɗaya ya dogara da shi a wasan ƙarshe biyu na duniya, wanda kuma zuciya ta ci shi a ranar da ta fi kowace rana yawan idanu.

Mu dawo gida, don nan ne abin ya fi ciwo. Daura gari ne da ya san darajar ajiye suna. Girgam, kundin tarihin garin, ya riƙe jerin magajiyoyi da sarakuna tun zamanin da ba a san takardar zamani ba. Amma je ka tambayi ƙungiyar unguwa da ta yi shekara 20 tana buga gasa tsakanin Daura da Mai'aduwa da Zango da Sandamu da Baure: wa ya tsare muku baya a shekarar da kuka ɗauki kofi, wasa nawa ya buga, ƙwallo nawa aka ci ku yana fili, nawa aka ci ku ba ya nan? Za a tuna wanda ya ci ta ƙarshe. Za a tuna golan da ta bi ta ƙarƙashinsa. Sauran ya bi iska. Sakamakon haka muna gani kullum da la'asar. In yara suka raba fili, kowa ɗan gaba ne. Ƙaramin cikinsu ko wanda bai iya ba shi ake tura wa raga, a ce "kai je ka tsaya gola". In koci ya ce wa yaro mai hankali ya koma lamba biyar, sai ya ɗauka an rage masa daraja, wani ma ya ce, "Koci, don Allah a bar ni a gaba, a baya ba mai gani na." Gaskiya ya faɗa. In an zo tantance 'yan wasa na kwana biyu ko uku, irin wadda yaranmu ke tafiya Katsina ko Kano dominta da burin shiga Katsina United ko Pillars, mai yanka mutum uku ya ɓarar shi ke shiga ido. Ɗan bayan da ya karanta wasan ya tare hanya tun ƙwallo ba ta taso ba, a idon baƙo bai yi komai ba.

Ba ma buƙatar kyamarorin Amurka kafin mu fara. Chadwick da fensir ya fara, James da fensir ya gyara masa. Littafin makaranta mai shafi 80 da ɗalibin sakandare ɗaya a bakin fili sun isa. A ba shi 'yan baya da lamba shida da gola kaɗai, ya bar 'yan gaba, su kowa na ƙirga musu. Duk lokacin da aka nufo ɗan baya da ƙwallo, ya sa alama: an wuce shi, ko ba a wuce ba. Duk ƙwallon sama da aka yi takara, wa ya ci. Duk wadda ya tare kafin ta isa inda aka aika ta. Ga gola, kada a tsaya kan nawa ya kama. A rubuta daga ina aka bugo, cikin da'ira ko waje, da mutum a gabansa ko shi kaɗai. A saman shafi a rubuta da wa aka kara, a wane fili, don filin yashi da ƙwallo ke tsalle yadda ta ga dama ba ɗaya yake da filin wasa na Karkanda a Katsina ba, kuma wanda ya sha matsi minti 90 a hannun ƙungiya mai ƙarfi dole lambarsa ta fi ta wanda ƙungiyarsa ta yini a gidan abokan hamayya.

Wasa ɗaya ba zai gaya maka komai ba, wasa biyar ma ruɗi ne. Amma in aka yi kaka biyu ko uku ana cika littafin nan, koci zai ga abin da idonsa ya tsallake: cewa yaron da ake yi wa tsawa don yawan kuskure shi ne ke zuwa inda sauran ba sa zuwa, ko kuma cewa wanda rigarsa ba ta taɓa datti ba ana wuce shi ta hagu sau huɗu a kowane wasa. Zai ga wanda ke hawa da wanda ya fara sauka, ya san lokacin da zai mai da lamba biyu tsakiya don gudunsa ya ragu amma kansa ya ƙaru. Ranar da mai neman 'yan wasa ya zo daga Katsina kuma, akwai abin da za a ɗora masa a hannu bayan rantsuwa.